Man Shanun Denmak da Idon Yara: Tarihin Bitamin Huɗu Masu Bin Mai

A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar Denmak ba ta shiga faɗa ba, ciniki ta shiga. Ƙasa ce ta shanu da madara, kuma tun kafin a harba bindigar farko man shanunta ya yi suna a kasuwannin Ingila. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 farashi ya yi tashin gwauron zabo, manoma suka riƙa kaɗe madararsu tas suna tura man ƙetare. Abin da ya rage a gida shi ne irin wanda mai tallan nono a ƙasar Hausa za ta kira tsala, wato madarar da aka raba da manta, sai kuma majarin, man shafa wa burodi da ake haɗawa a masana'anta daga man tsirrai. Da waɗannan biyun talakan Denmak ya ci gaba da renon 'ya'yansa.

A babban asibitin gwamnati na Kopenhagen, babban birnin Denmak, akwai wani likitan yara mai suna Carl Bloch. Iyaye mata suka dinga kawo masa jarirai da wani ciwon ido mai ban tsoro. Da farko hawaye ne ke ƙafewa, farin ido ya bushe ya yamutse. In aka yi sake, sai gaban ƙwayar idon ya yi laushi ya gyambace, cikin 'yan kwanaki ido ya tsiyaye. Yaran ba sa girma, tari da gudawa ba sa barinsu, da yawa kuma mutuwa ce ke raba su da wahalar. Bloch ya lura da wani gidan renon yara inda aka kasa yaran gida biyu. Ɓangare ɗaya ana ba su madara da manta a karin safe, ɗaya ɓangaren kuwa kunu da majarin. A ɓangare na biyun kaɗai ciwon ya bayyana. Ya gwada ba marasa lafiyar man hantar kifi da madarar da ba a kaɗe ba, idanun da ba su riga sun lalace ba suka warke.

Abin da ya kammala masa hujja ba a asibiti ya faru ba. A 1917 jiragen ruwan Jamus masu nutso suka toshe hanyoyin teku, man tsirran da ake yin majarin da shi ya daina shigowa. A Disambar wannan shekara gwamnati ta karɓe ragamar man shanu, ta raba shi ga kowane gida a farashin da talaka zai iya biya. A 1918 ciwon ya kusa ɓacewa daga asibitocin ƙasar. Garin neman gira Denmak ta so rasa ido, kuma tilas ce ta cece ta, ba wayo ba.

Shi dai ciwon tsoho ne, maganinsa ma haka. Matakinsa na farko shi ne dundumi, inda yaro ke gani ras da rana amma magariba na yi ya fara lalube yana karo da turmi. Takardun likitancin tsohuwar Masar, waɗanda aka rubuta sama da shekara 3,000 da suka wuce, sun ambaci hanta a matsayin maganinsa, likitocin Girka ma suka bi sahu. Mutane sun san hanta na aiki, ba su dai san abin da ke cikinta ba. A 1816 wani masanin Faransa, François Magendie, ya ciyar da karnuka sukari da ruwa zalla, ya ga idanunsu sun gyambace kafin su mutu. A 1881 wani ɗalibi, Nikolai Lunin, a garin Dorpat da ke Estoniya ta yau, ya haɗa wa ɓeraye duk abin da masana suka sani yana cikin madara, kowanne a tace: furotin, sukari, mai, gishiri. Ɓerayen suka mutu. 'Yan uwansu da aka ba madarar kanta suka rayu. Lunin ya ce lallai akwai wani abu a madara da ba a sani ba, amma maganarsa ta bi iska.

Dalilin shi ne manyan masanan abinci na wancan zamani, musamman na Jamus, sun riga sun yanke hukunci. A wurinsu abinci itace ne, jiki kuwa murhu. Mai kuma mai ne kawai: man shanu, kitsen alade, man zaitun, duk ƙarfi ɗaya suke bayarwa, don haka wanda ya fi araha shi ya fi. A kan wannan fahimta aka gina kasuwar majarin. Wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, shi ya ƙirƙiro shi a 1869 daga kitsen shanu, bayan Sarki Napoleon na Uku ya nemi a samo wa sojoji da talakawa abin da zai maye gurbin man shanu. A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano yadda ake cusa wa man tsirrai iskar haidirojin ya daskare kamar kitse, masana'antun Turai suka buɗe baki suna neman kowane irin ƙwaya mai mai.

Nan ne labarin ya biyo ta ƙasar Hausa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suka sa wa rai, amma manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin masu yin majarin da sabulu a Turai suna biya da tsoka. Cinikin da ya ɗaukaka Alhassan Ɗantata, ya kuma tara dalar gyaɗa a Kano, yunwar mai ta Turai ce ta haife shi. Man gyaɗa mai ne mai kyau, sai dai babu ko ɗigo a cikinsa na abin da idon yaran Kopenhagen ke nema. Sai a 1940 Birtaniya ta tilasta wa masu majarin su riƙa zuba shi a ciki.

Wanda ya fasa ƙwan a Amurka yake. A jami'ar Wisconsin, jihar da ita ma madara ce arzikinta, an fara wani gwaji a 1907: aka kasa 'yan maruƙa, wasu aka ciyar da su masara kaɗai da ganyenta da karanta, wasu alkama, wasu hatsin ot, aka daidaita abincin yadda a takarda duk ɗaya ne. Na masara suka yi ɓul-ɓul suka haifi 'ya'ya lafiyayyu. Na alkama suka rame, suka yi ta ɓari ko su haifi matattu. Aka ɗauko wani matashin masanin sinadarai, Elmer McCollum, ɗan manomi daga Kansas, aka ce ya nemo dalili. McCollum ya ga cewa da saniya za a tsufa ba a gama ba, ga cin abinci ga daɗewa kafin ta haihu. Ya ce a ba shi ɓeraye. Shugaban tsangayar ya ƙi, don a ganinsa abin kunya ne a ji ana kiwon ɓera da kuɗin manoma. McCollum ya kama ɓerayen barga, suka zame masa masifa da cizo, daga bisani ya sa kuɗin aljihunsa ya sayo farare daga Chicago.

Wadda ta riƙe ɗakin ɓerayen kuwa wata budurwa ce, Marguerite Davis, da ta gama jami'a ta zo ta ce tana so ta koyi aiki. Ta shafe shekaru tana auna abinci, tana auna ɓeraye, tana rubutawa, ba ko sisin albashi. A 1913 su biyun suka buga abin da suka gani. Ɓeran da ake ba tataccen abinci da kitsen alade ko man zaitun yakan yi girma na 'yan watanni ya tsaya cak. Da an ɗiga masa man shanu ko man gwaiduwar ƙwai sai ya ci gaba da girma. Ashe mai suna ya tara. Wasu masana biyu a Connecticut, Thomas Osborne da Lafayette Mendel, sun kai ga wannan sakamako a shekarar, amma takardarsu ta isa wurin mujallar bayan ta McCollum da makonni uku, shi ya sa tarihi ya fi tunawa da mutanen Wisconsin. McCollum ya raɗa wa abin suna A mai narkewa a mai, don a bambanta shi da B mai narkewa a ruwa, wanda ke hana ciwon beriberi. Kalmar bitamin kuwa Casimir Funk ne ya ƙirƙiro ta a 1912 a Landan. A 1920 aka haɗa sunayen biyu, aka sami bitamin A.

Sauran aikin ya zo bi da bi. Harry Steenbock, shi ma na Wisconsin, ya lura a 1919 cewa jar masara na hana ciwon amma fara ba ta hanawa. Thomas Moore a Kambirij ya nuna wajen 1930 cewa launin nan na karas, karotin, jiki ne ke juya shi ya zama bitamin A ya ajiye a hanta. George Wald ya gano shi a shimfiɗar bayan ido, inda yake cikin sinadarin da haske ke taɓawa mutum ya gani a duhu, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1967. Ta nan aka fahimci cewa hanya biyu ce: ko a ci shi a shirye daga hanta, ƙwai da man shanu, ko a ci karotin daga kabewa, mangwaro, gwanda, zogale da alayyahu. A cikin duk man da ɗan Adam ke girki da shi, babu wanda ya kai manja yawan karotin. Jan nan nasa shi ne dukiyarsa.

Bitamin D ya ɓoye ne a bayan A, domin gida ɗaya suke zaune a man hantar kifi. Ciwonsa shi ne laushin ƙashi a yara: ƙafafu su gwame, wuyan hannu ya kumbura, ƙirji ya turo, yaro ya makara bai yi tafiya ba. Francis Glisson ya rubuta littafi a kansa a 1650, kuma ya yi yawa a biranen Ingila har mutanen Turai suka riƙa kiransa ciwon Ingilishi. Hayaƙin kwal ya rufe sama, lunguna sun matse, yara ba sa ganin rana. Mace da ta yi shi tana ƙarama takan tashi da tsukakken ƙugu, haihuwa ta zame mata kabari. Wani likita a Poland, Jędrzej Śniadecki, ya faɗa tun 1822 cewa yaran ƙauye ba sa yinsa kamar na birnin Warsaw saboda rana. A 1890 Theobald Palm, likitan mishan da ya zauna a Japan, ya tattaro bayani daga ƙasashe ya nuna cewa inda rana take ciwon ba ya zama, ko da talauci ya fi na Landan. Ba wanda ya kula su.

A 1919 amsa biyu suka fito, kowace kamar tana ƙaryata 'yar uwarta. A Ingila Edward Mellanby ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ba su kunun ot, ƙashinsu ya yi laushi, ya warkar da su da man hantar kifi. Ya ce abinci ne. A Berlin Kurt Huldschinsky ya haska wa yara wata fitila mai fitar da irin hasken rana da ido ba ya gani, suka warke. Ya ce haske ne. Wadda ta raba gardamar Harriette Chick ce, wadda ta jagoranci tawagar mata masana daga Landan zuwa Biyana, inda yunwar bayan yaƙi ta cika asibitoci. Shugaban asibitin yaran, Clemens von Pirquet, yana ganin ciwon kamuwa ake yi da shi kamar tarin fuka. Daga 1919 zuwa 1922 Chick da abokan aikinta suka nuna masa da hoton ƙashi cewa jaririn da aka ba man hantar kifi yana warkewa, wanda aka fitar baranda ya sha rana shi ma yana warkewa. Pirquet ya karɓi gaskiya, abin da ba kowane babba ke iyawa ba. A 1922 McCollum, wanda ya koma jami'ar Johns Hopkins, ya dafa man hantar kifi yana busa masa iska har bitamin A ya mutu. Man ya daina maganin ido, amma bai daina maganin ƙashi ba. Abu na huɗu ke nan bayan A da B da C, sai aka ba shi harafi na huɗu, D.

Steenbock ne ya ɗaure bakin zaren a 1924, da ya gano cewa in aka haska abinci da wannan fitila shi ma yakan zama magani. Hasken yana juya wani dangin kolestarol da ke cikin fata ko cikin abinci ya zama bitamin D. Ya biya dala 300 daga aljihunsa ya yi rajistar fasahar. Kamfanin Quaker Oats ya taya ta kusan dala miliyan ɗaya, ya ƙi sayarwa, aka kafa wata gidauniya a 1925 don kuɗin ya riƙa komawa bincike a jami'ar. Akwai kuma wata manufa da ba a ɓoye ba: kada fasahar ta faɗa hannun masu majarin su yi gogayya da man shanun Wisconsin. Gidauniyar ta yi shekaru tana hana su lasisi, alhali majarin shi ne man talaka, kuma 'ya'yan talaka ne ke gwamewa.

A Nijeriya labarin ya zo da wata fuska. Ƙasar da rana ke dukan kowa bai kamata a ga ciwon ba, amma asibitin koyarwa na Jos ya yi ta karɓar yara masu gwamammun ƙafafu. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaji a kan yara 123: waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Aikin bitamin D shi ne ya ɗauko kalsiyam daga hanji ya kai wa ƙashi. In abincin yaro tuwo ne da koko babu nono, ɗan aiken zai je ya dawo hannu rabbana.

Bitamin E bai tayar da ƙura sosai ba. Herbert Evans da Katharine Bishop a Berkeley sun gano a 1922 cewa ɓerayen da ake ba tataccen abinci cikinsu na zubewa, sai an ƙara musu latas ko man ƙwayar alkama. Daga nan 'yan kasuwa suka liƙa masa sunan maganin haihuwa da ƙarfin maza, abin da ba a tabbatar a jikin mutum ba har yau. Aikinsa na gaskiya shi ne kare man da ke jikin ƙwayoyin halitta daga lalacewa, kuma mai cin gyaɗa, riɗi da man girki da wuya ya rasa shi.

Na ƙarshe ya sake mayar da labarin Kopenhagen. A 1929 Henrik Dam yana nazarin kolestarol a jikin 'yan tsaki, ya wanke abincinsu da sinadarin da ke kwashe duk wani mai. Tsakin suka fara zubar da jini a ƙarƙashin fata, jininsu kuma ba ya daskarewa. Ya gwada bitamin da aka sani duka, babu wanda ya tsayar da shi, sai ganye da hantar alade. A 1935 ya kira shi K, harafin farko na kalmar daskarewar jini a Jamusanci da harshen Denmak. Ya raba lambar Nobel ta 1943 da Edward Doisy na Amurka, wanda ya gano ƙirar sinadarin. A wancan tsakanin, manoman arewacin Amurka suna kukan shanunsu na mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawar wata ciyawa. A Fabrairun 1933 wani manomi ya tuƙo mota cikin ƙanƙara ya kawo wa Karl Link a Wisconsin mushen saniya da garwar jinin da ya ƙi daskarewa. Bayan shekara shida zuwa bakwai ɗakin binciken Link ya ciro gubar, wadda aikinta shi ne tare wa bitamin K hanya. Daga ita aka yi warfarin, aka fito da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954 don hana gudajin jini, har Shugaba Eisenhower na Amurka ya sha shi bayan ciwon zuciyarsa na 1955.

Inda bitamin K ya fi ceton rai shi ne ɗakin haihuwa. Kaɗan ne ke ratsa mabiyiya zuwa ga ɗa, kaɗan ne a nonon uwa, don haka jariri kan zo duniya da ƙarancinsa, wasu su yi ta zubar jini ta cibiya, ta hanji, ko cikin ƙwaƙwalwa. Allura ɗaya a cinya ranar haihuwa ta isa, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta mayar da ita ƙa'ida tun 1961. A wuraren da ake haihuwa a gida, wanzami kuma ya taɓa jariri da aska a makon farko, wannan allura ba ƙaramin abu ba ce.

Abin da ya haɗa huɗun nan, A da D da E da K, shi ne hanyar shigarsu. Ba sa narkewa a ruwa. Sai mai ya iso hanji, maɗaciya ta tsiyayo ruwanta ta farfasa shi ƙanana, sannan su hau su ratsa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi zogalen da aka tafasa aka ci gaya amfani nesa ba kusa ba. Wani gwaji a jami'ar jihar Iowa a 2004 ya nuna cewa waɗanda suka ci salak da mahaɗi marar mai kusan babu karotin da ya shiga jininsu.

Hanyar fitarsu ma daban ce. Bitamin C in ya yi yawa fitsari ne ke tafiya da shi. A da D kuwa taruwa suke, a hanta da cikin kitse, kuma tarin kan zama guba. Mutanen wani matafiyi, Willem Barents, da ƙanƙara ta tsare a tsibirin Novaya Zemlya daga 1596 zuwa 1597, sun ci hantar farin beyar, suka kwanta rashin lafiya, fatar wasunsu ta saɓule. A Disambar 1912 a Antatika, Douglas Mawson da Xavier Mertz sun rasa abokin tafiyarsu da mafi yawan guzurinsu a wani ramin ƙanƙara, suka koma yanka karnukan da ke jan kayansu. Naman ya yi tauri, hanta ce mai taushi. Fatarsu ta riƙa ɓarewa, gashi na zuba, Mertz ya ruɗe ya rasu a Janairun 1913, Mawson ya ja jiki shi kaɗai ya isa sansani. Shekaru da dama bayan haka wasu masana a Ostareliya suka danganta abin da yawan bitamin A na hantar karnukan. A Finland kuma, an ba maza masu shan taba sama da 29,000 ƙwayoyin gwaji da fatan karotin zai kare su daga sankarar huhu. Da aka buɗe sakamako a 1994, waɗanda suka sha shi sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Amma wannan hali na taruwa shi ne kuma ya zama rahama. Alfred Sommer, likitan ido daga Johns Hopkins, ya je Indunusiya a 1976 don yaƙi da makantar yara. A can ana kiran dundumi makantar kaza, tunda ita ma magariba na yi take neman akurki. Yana bin dubban yara ana duba su duk wata uku. Daga baya, yana sake bin takardun, ya ga wani abu da bai je nema ba: yaran da ke da dundumi suna ɓacewa daga jerin, kuma mutuwa ce ke ɗauke su, ninkin-ba-ninkin na masu lafiyar ido. Ya shirya gwaji a ƙauyuka 450 na Aceh, ana matsa wa yaro ƙwanso ɗaya a baki duk wata shida. Sakamakon 1986 ya ce mace-mace sun ragu da kashi 34 cikin 100. Masana da yawa suka ce da sake, ƙwanson da bai wuce senti biyu ba ba zai yi wannan aiki ba. Alhali tun 1932 Joseph Ellison a Landan ya ga bitamin A na rage mutuwar masu ƙyanda, aka manta da shi. Aka maimaita gwajin a Nepal da Indiya, aka yi a Navrongo da ke arewacin Ghana a kan yara sama da 20,000, inda a 1993 aka sami ragin kashi 19. Wani ƙaton gwaji a jihar Uttar Pradesh ta Indiya da aka buga a 2013 ya sami ragi kaɗan ƙwarai, kuma har yanzu ana jayayya kan dalili. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawararta ta a riƙa rabon ƙwanson ba. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabon ƙwanson da rigakafin shan inna, a 1997. Shuɗin ƙwanson na jarirai ne 'yan wata 6 zuwa 11, jan kuma na 'yan shekara 1 zuwa 5, kuma sau biyu a shekara ya wadatar saboda hanta rumbu ce.

Yayin da ƙasashe matalauta ke neman mai, masu arziki tsoronsa suka shiga. Ciwon zuciya ya zama babban makashi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani, Ancel Keys, ya ɗora laifin a kan kitsen dabba da man shanu. Bincikensa na ƙasashe bakwai, wanda ya fara a 1958, ya nuna mutanen gabashin Finland masu cin man shanu suna mutuwa da zuciya fiye da kowa, mutanen tsibirin Crete kuwa, da ke kwankwaɗar man zaitun, ba ruwansu. Akwai gaskiya a maganarsa: lardin Karelia ta Arewa da ke Finland ya fara shirin rage man shanu, gishiri da taba a 1972, kuma cikin shekaru arba'in mutuwar zuciya a tsakanin maza masu ƙarfin aiki ta faɗi da sama da kashi 80 cikin 100. Sai dai da saƙon ya iso kasuwa, bayan rahoton kwamitin Sanata McGovern na 1977, an taƙaita shi zuwa kalma biyu, guji mai, aka manta da mutanen Crete. Kamfanoni suka cire mai suka cika sukari. Procter & Gamble ya ƙera wani mai na jabu, olestra, wanda hanji ba ya iya narkarwa. Da hukumar abinci ta Amurka ta amince da shi a 1996, sai da ta sharɗanta a zuba masa A da D da E da K, don yana kwashe su ya fice da su.

Majarin da aka gudu gare shi ma ya zo da nasa. Daskarar da man tsirrai da haidirojin tana haifar da wani kitse, tirans, wanda masana biyu a Holan, Mensink da Katan, suka nuna a 1990 cewa yana ɗaga mugun kolestarol ya kuma sauke mai kyau, abin da man shanu ma ba ya yi. Ƙasar farko da ta kafa doka a kansa, a 2003, ita ce Denmak. Nijeriya ta bi sahu a 2023, ta ƙayyade shi kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai.

Tun 2002 dokar Nijeriya ta wajabta zuba bitamin A a man girki, sukari da fulawa, da tambarin ido a jikin kayan. Tambarin na kan galan da kwalbar kamfani ne. Man da ake aunawa a farar roba, ya wuni a rana a bakin kasuwa, haske na cinye bitamin ɗinsa, in ma an zuba tun farko. Manja kuwa, duk mai girkin da ta bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, ta ƙone karotin ɗinsa kafin albasa ta shiga tukunya.